Ajin hirar Turanci na Wuse ga masu neman karatu a waje: abin da ya iya da inda ya gaza

A Abuja akwai ɗalibai da yawa masu kiredit ɗin Turanci a WAEC, wasu ma da digiri a hannu, amma idan aka ce su yi minti biyu suna bayanin abin da suka karanta da dalilin da ya sa suke son ci gaba da shi a Ingila ko Kanada, sai inda-inda ta fara. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Takardar furuci ta WAEC kanta tambayoyi 60 ce ta zaɓen amsa, a rubuce ake yin ta, ɗalibi zai iya cinye ta bai buɗe baki ko sau ɗaya ba. Kalmomin suna nan a kansa, yana gane su idan ya gani, amma ba sa saukowa harshe a lokacin da ake buƙatarsu.

Wannan giɓi ne wata ƙaramar cibiya da ke saman bene a wata falaza a Wuse take sayar da maganinsa: ajin hira na mako takwas, wanda duk darussansa a kan rayuwar makaranta da neman karatu a ƙasar waje suke. A matsayinmu na masu koyar da Turanci, hukuncinmu shi ne ajin ya cancanci kuɗinsa ga mutum iri ɗaya kawai, wato wanda ya riga ya iya karanta jarida da Turanci ba tare da ƙamus ba, kuma zai ware minti ashirin kullum a gida. Ga wanda ba haka ba, asarar kuɗi ce da ta mota.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ana zama sau uku a mako, kowane zama minti 90, ɗalibai goma sha biyu a aji. Minti goma na farko na maimaita kalmomin da suka wuce ne, kuma ba a buɗe littafi. Malama ce take ba da yanayi, ɗalibi ya lalubo kalmar: ka biya wani ɓangare na kuɗin makaranta don a riƙe maka gurbi, me ake kiran wannan kuɗin? Sai minti goma sha biyar na sababbin kalmomi goma sha biyu, sai minti goma na sauraren wata gajeriyar hira a lasifika wadda kalmomin suke ciki. Daga nan sai zuciyar darasin, minti talatin da biyar na hira bibbiyu, ana sauya abokin magana sau uku. Minti ashirin na ƙarshe na gyara ne.

Abin da ya bambanta ajin da na galibin masu koyar da Turanci a gari shi ne katunan hira. Kowane mutum biyu ana ba su kati biyu daban, kuma ba a yarda ɗaya ya leƙa na ɗaya ba. A katin farko an rubuta, misali, cewa kai ɗalibi ne da saura kwana biyu ka miƙa aikinka, ka kwanta rashin lafiya mako guda, kana son a ƙara maka lokaci. A na biyu an rubuta cewa ke ce malamar da ke kula da darasin, ba ki da ikon ƙara fiye da mako ɗaya, kuma sai kin ga takardar likita. Babu wanda ya san abin da ke hannun ɗan'uwansa, saboda haka dole a yi tambaya, dole a saurara, dole a nemi kalmar da za ta fitar da mutum. A irin wannan matsi ne "deadline" da "extension" da "submit" suke barin takarda su zama kayan aiki.

Ga yadda gyaran yake a aikace. Wani matashi da ya gama digiri a Gwagwalada yana hira da abokiyar zamansa a matsayin jami'ar karɓar ɗalibai, sai ya ce mata yana da "carryover" ɗaya a "200 level", kuma a lokacin yana "offering" darussa tara. Malama tana tsaye a bayansu da ƙaramin littafi, ba ta ce uffan ba, ta rubuta ta wuce. Sai da lokacin gyara ya yi ta rubuta jimlar a allo ba tare da ta ambaci mai ita ba, ta tambayi aji ko Baturen da bai taɓa taka Nijeriya ba zai gane. Matashin da kansa ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai haka muke faɗa a makaranta, har malamanmu." Ta ce masa, "Haka ne, Malam, kuma a nan gida daidai ne. Amma wadda za ka zauna a gabanta a can ba ta san shi ba, kuma ba za ta tsaya ta tambaye ka ba." Sannan ta sa aji ya sake gina jimlar: "resit" ko "retake" a madadin na farko, "second year" a madadin na biyu, kuma ɗalibi "taking" darasi yake yi, makaranta ce take "offering".

Wannan ɓangare shi ne mafi daraja a duk kwas ɗin, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Matsalar ɗalibin Nijeriya sau da yawa ba ƙarancin kalmomi ba ce, kalmomin da ya saba da su ne suke da wata ma'ana a wani wuri. A Ingila "course" yawanci dukkan shirin digirin ne, darasi guda kuwa "module" ne. A Amurka "course" shi ne darasi guda, fannin da mutum ya ƙware a kai kuma "major". "Faculty" a wurinmu tsangaya ce, a Amurka malaman jami'a ake nufi. Kundin binciken digiri na biyu a Ingila "dissertation" ne, na digirin digirgir "thesis", Amurkawa kuma sun juya su. Ɗakin kwanan ɗalibai da muke kira hostel, a Ingila "halls" ne, a Amurka "dorm". Cibiyar ta ware mako biyu cur ga wannan, da allo mai layi uku, na Nijeriya da na Ingila da na Amurka, kuma ba ta taɓa nuna wa ɗalibi cewa nasa Turancin ɓatacce ne ba. Wannan ladabi yana da amfani, domin wanda aka kunyata a mako na farko ba ya sake magana.

Haka suke yi da bayanin sakamako. Ɗalibinmu ya saba da ma'aunin maki biyar, inda digiri mai daraja ta ɗaya yake farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu kuma daga 3.50. Amurka ma'aunin huɗu take amfani da shi. A Ingila kashi 70 cikin ɗari ne daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 babbar daraja ta biyu. Wanda ya ce makinsa 4.2 ne bai ƙara da cewa a cikin biyar ba, ya rikita mai sauraro. Ana sa kowane ɗalibi ya faɗi sakamakonsa a jimla ɗaya cikakkiya har sai ta zauna a bakinsa.

Makonni na biyar da na shida na takardu ne da biza. Nan ake koyon bambancin gurbin da aka ba da da sharaɗi da wanda ba sharaɗi, da lambar CAS, wato shaidar samun gurbi da jami'ar Birtaniya take bayarwa kafin a nemi biza, da fom ɗin I-20 da makarantar Amurka take bayarwa don neman bizar karatu, da ƙa'idar cewa kuɗin da za a nuna wa Birtaniya sai ya kwana 28 a jere a asusu, da gwajin tarin fuka da ake yi a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a nan Abuja ko Legas, da iyakar awa 20 na aiki a mako lokacin zangon karatu a Birtaniya. Ana yin hirar gwaji irin wadda jami'o'in Birtaniya da yawa suke yi kafin su ba da CAS: me ya sa wannan jami'ar, me ya sa wannan kwas ɗin, wa zai biya, me za ka yi bayan ka gama. Ana kuma taɓa kalmomin neman tallafin karatu, irin na Chevening da Commonwealth da PTDF. Amma a nan muka ga aibi na farko. Ɗaya daga cikin katunan har yanzu yana sa ɗalibin digiri na biyu na shekara ɗaya ya yi bayanin yadda zai tafi da iyalinsa Birtaniya, alhali tun Janairun 2024 an hana galibin ɗalibai tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Kalmomin katin daidai ne, bayanin ya tsufa. Ɗalibi ya ɗauki Turanci daga ajin, ƙa'idar biza kuwa ya duba ta a shafin gwamnatin ƙasar da zai je, a ranar da zai nema.

Me ya sa hirar take kama kalma fiye da haddar jeri? Dalili biyu ne. Na farko, lalubo kalma daga kai yana ƙarfafa ta fiye da sake kallonta a takarda. Na biyu, mantuwa tana da saurin gaske a farkon kwanaki, abin da masanin halayyar ɗan Adam na Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885, kuma maganinta shi ne komawa kan abu a tazarar da take ƙaruwa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan ba tare da an faɗa masa ba: hadda ba tilawa zubewa take yi. Cibiyar ta gina wannan a cikin katunanta, kalmar da aka koya a mako na biyu takan sake fitowa a katin mako na uku da na biyar a wani yanayi daban. Kuma ba a koyar da kalma ita kaɗai, sai da abokan tafiyarta. Ba a ce "deadline" a tsaya, ana cewa "meet a deadline" da "miss a deadline". Mai jin Hausa yakan ɗauko aikatau daga Hausa ya ɗora wa sunan Turanci, tun da mu "cin" jarrabawa muke yi, mu "faɗi" ta, mu "rubuta" ta, kuma a nan ne jimla take karkacewa ko da kowace kalma a cikinta Turanci ce.

Sai dai a yi lissafi da gaskiya. Zama 24 sau kalma goma sha biyu bai kai kalma 300 ba. Jerin kalmomin karatun jami'a da mai bincike Averil Coxhead ta fitar a 2000 yana da dangin kalma 570, wato kowace kalma haɗe da rassanta, kuma an gina shi ne a kan cewa mutum ya riga ya san kalmomi kusan 2,000 na yau da kullum. Masanin koyar da harshe Paul Nation, a bincikensa na 2006, ya ƙiyasta cewa ana buƙatar dangin kalma 6,000 zuwa 7,000 don a fahimci magana ba tare da tuntuɓe ba, 8,000 zuwa 9,000 kuma don a fahimci rubutu. Ke nan ajin ba zai cika wa kowa rumbu ba. Abin da yake yi shi ne ya zaɓi 'yan ɗaruruwan da za a buƙata a ofishin rajista da gaban malami da tagar biza, ya tabbatar suna fitowa da sauri. Tallan da ke manne a ƙofar cibiyar yana alkawarin ƙwarewa cikin mako takwas, kuma wannan ya wuce gona da iri. Da sun rubuta abin da suke yi a zahiri, da ya ishe su talla.

Aibi mafi girma a mako na bakwai yake. A nan ake raba takarda mai ɗauke da manyan kalmomi da dogayen jimlolin buɗe magana, a ce ɗalibai su haddace don IELTS, jarrabawar auna Turanci da jami'o'in waje da yawa suke nema. Wannan ya saɓa wa duk abin da aka gina a makonni shida da suka wuce. Jarrabawar magana ta IELTS minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku: tambayoyi a kan gida da aiki ko karatu, sai kati da ake ba mutum minti ɗaya ya shirya ya yi magana har minti biyu, sai tattaunawa mai zurfi a kan wannan batu. Abu huɗu ake aunawa kuma nauyinsu ɗaya: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Yalwar kalmomi ba tana nufin tsawonsu ba. Tana nufin sa kalma a muhallinta, da iya kewayawa idan wadda ake nema ta ɓace. Mai jarrabawa horarre ne, yana gane amsar hadda daga yadda sauri da karin murya suke sauyawa, kuma ba ya ba ta maki. Ɗalibin da ya yi mako shida yana magana da bakinsa, sai a mako na bakwai a mayar da shi mai jero abin da bai narke masa ba. Shawararmu ita ce a karɓi takardar, a zaɓi kalma biyar da mutum ya tabbata zai iya sa su a jimlar kansa, a ajiye sauran.

Furuci ma bai sami haƙƙinsa ba. Malamar tana gyara shi idan ya fito, amma babu darasi na musamman a kai, alhali wuraren da mai jin Hausa yake sarƙewa sanannu ne. Akwai musayar "p" da "f", wadda take sauya furucin kalma kamar "pass". Akwai "v" da take komawa "b". Akwai "th" da take zama "s" ko "z". Akwai kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, saboda gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa kalma kamar "transcript" take ƙara gaɓoɓi a bakinmu. Minti biyar a kowane zama da an magance rabin wannan. Ga "f", haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska ta ci gaba da fita, ga "p" kuma leɓuna su rufe ruf sannan su buɗe, kuma idan aka riƙe takarda a gaban baki za a ga ta motsa. Ba ana neman mutum ya koma Bature ba ne, IELTS ma ba ta rage maki saboda karin harshe muddin ana fahimta. Haka nan duk muryoyin da ake sa wa a lasifika na kudancin Ingila ne. Wanda zai je Amurka ko Kanada ko Maleshiya sai ya nemi nasa sauraren a waje.

Sauran matsalolin na wuri ne da lokaci. Ajin yamma daga ƙarfe biyar ne zuwa shida da rabi. A watannin Nuwamba da Disamba magariba tana shiga tun kafin a tashi, masu komawa Nyanya da Mararaba da Kubwa kuma suna fara tattara jaka da wuri saboda cunkoson hanya, sai ya zama minti ashirin na gyara, wanda shi ne kuɗin da aka biya, shi ake gutsurewa. Idan aka ɗauke wuta, janaretan falazar yana ƙarƙashin tagar ajin, sauraren lasifika ya zama wahala. Akwai rukunin safe da yake farawa ƙarfe takwas, kuma ya fi ga duk wanda aikinsa ya ba shi dama. Sannan idan Hausawa biyu suka haɗu a kati ɗaya, da zarar kalma ta ƙi zuwa sai a zame zuwa Hausa a yi dariya a wuce. Malama ɗaya ba za ta iya tsare tebur shida ba. Gara mutum ya zaɓi abokin hira wanda ba ya jin Hausa, kuma a Wuse ba a rasa su. Matan da ba sa son a haɗa su hira da maza ana yi musu yadda suke so idan suka faɗa tun ranar rajista, wannan kuwa abin yabo ne.

Rubutu babu shi a kwas ɗin sam. Wanda zai zauna IELTS yana da rubutu biyu cikin awa ɗaya, na kalma 150 da na 250, ga karatu da saurare masu tambaya 40 kowanne, kuma jami'o'i da yawa suna neman maki 6.5 a dunƙule tare da sharaɗin kada wani sashe ya gaza 6.0. Ajin hira zai ɗaga sashe ɗaya, ya ɗan taimaki saurare, sauran sai an nemi wani wuri. Kuɗin zangon bai kai rabin kuɗin rajistar jarrabawar ba, saboda haka yin sa kafin rajista yana da ma'ana, amma ba ya maye gurbin shiri na musamman. Akwai kuma waɗanda jami'arsu ta karɓi kiredit ɗin WAEC a madadin IELTS. Su ne ma suka fi buƙatar ajin, domin ba wanda zai auna bakinsu sai ranar da suka tsinci kansu a tattaunawar aji inda ake sa ran kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Aikin gida shi ne yake raba wanda ya amfana da wanda ya zo ya wuce. Cibiyar tana ba da ƙananan katuna farare, amma ba ta bayyana yadda za a yi da su sosai, ga shi kuwa. A gefe ɗaya a rubuta jimla da gurbi a inda kalmar take, a ɗaya gefen a rubuta kalmar da abokiyar tafiyarta. Kada a rubuta fassara kaɗai, domin fassara tana koyar da ganewa ne, ba faɗa ba. A tanadi ambulan uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Katin da aka amsa daidai, da murya a sarari, ya matsa gaba, wanda aka kasa ya koma na farko ko daga ina ya fito. Wannan shi ne tsarin Leitner, kuma manhajar Anki, wadda kyauta ce a wayar Android, tana yin irin wannan lissafin da kanta. Bayan katuna, a ɗauki kalma biyar na ranar a naɗi murya ta minti biyu a waya ana ba da labarin makarantar da aka yi, a saurara sau ɗaya, a sake naɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara sababbin katuna talatin a rana ɗaya, bayan mako guda ambulan na farko ya cika ya tumbatsa, mutum ya gaji ya watsar. Goma sha biyu na aji sun isa.

Kafin a biya kuɗi, a nemi a zauna a darasi ɗaya na gwaji, cibiyar tana yarda. A duba agogo a ƙirga minti nawa ɗalibai suka yi magana da minti nawa malami ya yi. A tambaya ko malamar da aka gani ita ce za ta riƙe ajin har ƙarshe, a kuma tambayi iyakar adadin ɗalibai, domin idan suka haura goma sha huɗu gyaran ba ya kaiwa ga kowa. Akwai gwajin tantance mataki na minti goma a ranar farko. Idan suka ce mutum bai kai ba, ya karɓi maganarsu, ya yi wata uku yana karatu da saurare tukuna. Idan kuma a teburin karɓar baƙi aka fara yi masa tayin nema masa gurbin karatu da biza a kan wani ƙarin kuɗi, wannan wani ciniki ne daban, ba ya cikin ajin, kuma ba dole ne ya shiga ba.